Yadda ake rataye lasifika a sama ba tare da jefa rayukan mutane cikin haɗari ba

Lasifika mai nauyin kilo 40, idan ta kuɓuce daga tsayin mita 5, daƙiƙa ɗaya take yi a hanya, kuma tana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 36 a awa. Wanda ke zaune a ƙarƙashinta ba shi da lokacin ɗaga kai ma, balle kaucewa. Don haka duk wanda zai rataye lasifika a ɗakin taro, wurin ibada, makaranta ko filin wasa, ya ajiye maganar daɗin sauti a gefe tukuna. Aikin farko shi ne ɗaukar nauyi a saman kawunan mutane, na shekaru, ana kunnawa ana girgizawa.

Ƙa'idar aikin guda ɗaya ce. Tsakanin lasifikar da ginin akwai abubuwa a jere: akwatin lasifikar, notin da ke jikinsa, abin haɗi, igiyar ƙarfe ko sarƙa, abin da ya kama ginin, sai ginin kansa. Kowannensu dole ka san nauyin da zai iya ɗauka, a rubuce, daga wanda ya ƙera shi ko daga injiniya. Wanda ba ka san ƙarfinsa ba, kada ya hau sama, komai kaurinsa a ido. In biyar sun yi ƙarfi ɗaya ya yi rauni, ƙarfin mai raunin ne ƙarfin aikin gaba ɗaya.

Fara da lasifikar, tana ƙasa

Juya ta ka duba samanta, ƙasanta da bayanta. Wadda aka ƙera domin ratayewa za ka ga kawunan notoci a nutse a jikin akwatin, yawanci masu girman M10, wato kaurin milimita 10, ƙananan lasifikoki kuma M8 ko M6. A bayan waɗannan notoci, cikin akwatin, akwai ƙarafa masu lanƙwasa da suka haɗa bango da bango. Su ne ke ɗaukar nauyin, ba katakon shi kaɗai ba. Wasu kayan Amurka da ma'aunin inci suke zuwa, 3/8, kuma a nan akwai tarko: notin 3/8 yakan shiga ramin M10 ya yi juyi da yawa kamar nasa ne, alhali haƙoransu ba su kama juna sosai ba. Karanta takardar masana'anta ka ga girman da ta faɗa, kada ka gwada da hannu ka ce ya shiga.

Mariƙin da ake ɗaukar lasifika da shi ba wurin ratayewa ba ne. Haka ramin ƙasa da ake cusa mata sanda, haka ragar ƙarfen gabanta. An yi mariƙi ne don ɗaukar minti biyu daga mota zuwa dandamali, kuma sau da yawa ƙananan sukurori ne ke riƙe da shi.

Idan akwatin ba shi da wurin ratayewa na asali, shawarata ka bar shi a kan ƙafarsa ko a dandamali. Mutane sukan huda akwatin su zura noti da washa su ce ya yi. Akwatuna masu araha da garin katako da gam ake matse su, kuma irin wannan katako yana shan danshi ya kumbura, noti ya zare daga jikinsa ba da wani gargaɗi ba. Ko da saman akwatin ya riƙe, gam ɗin da ya haɗa saman da sauran jikin ba a yi shi don ja ba: sai murfin ya tsaya a sama, sauran akwatin da maganaɗisunsa su sauko. A Amurka akwai ƙa'ida ta musamman, ANSI E1.8, kan yadda ake ƙera akwatunan lasifika na ratayewa da yadda ake gwada ƙarfinsu. Abin da kafinta zai yi da injin huda a rana ɗaya ba zai maye gurbin wannan ba. In dole ne sai wannan lasifikar ta hau, a ƙera mata keji na ƙarfe wanda zai tallafe ta daga ƙasa, injiniya ya zana shi, nauyin ya bi ta kejin.

Lissafin nauyi da ninkin tsaro

Ɗora lasifikar a sikeli ko ka ɗauki nauyinta daga takardarta, sannan ka tara duk abin da zai hau tare da ita. Misali: lasifika kilo 32, ƙarfen da zai riƙe ta kilo 4, igiyoyi da abin haɗi da wayar da za ta lilo daga jikinta kilo 4. Jimla kilo 40. Wayar sauti mai kauri tana da nauyi fiye da yadda ake zato, musamman in za ta sauko mita da yawa.

Yanzu sai bambance lambobi biyu da ke ruɗa mutane. Akwai nauyin da abu ke tsinkewa a kansa, akwai kuma nauyin da aka yarda a yi aiki da shi, wanda ake bugawa a jikin ƙarfen da haruffan WLL. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ninkin tsaro. A aikin ɗaga kaya na yau da kullum, igiyar ƙarfe ana ba ta ninki 5, sarƙa ninki 4. Amma ga abin da zai zauna a saman mutane, masana'antun lasifika da yawa suna aiki da ninki 10, kuma ƙa'idojin wuraren wasanni na Jamus, waɗanda ƙasashe da dama ke koyi da su, a nan suka tsaya. Ni ma a nan zan ce ka tsaya. Kaya mai kilo 40 yana buƙatar kowane abu a jerin ya zama ba zai tsinke ba sai an kai kilo 400. Hanya mai sauƙi: in abin haɗi an lissafa WLL ɗinsa da ninki 5, raba lambar biyu ka yi aiki da rabin.

Wannan tazara ba ɓarnar kuɗi ba ce, kuma ba wuri ba ne da za a cike da ƙarin lasifika daga baya. Ita ce ke shanye tsatsa, girgizar sauti, fizgar da ake yi lokacin ɗagawa, da ƙananan kurakuran da ido bai kama ba.

Ginin: nan ne aka fi yin ganganci

Kayan haɗi suna zuwa da lamba a jikinsu. Gini ba ya zuwa da ita. Mutum ɗaya ne zai iya gaya maka nauyin da wani bim, wato dogon ƙarfe ko katakon da ke ɗauke da rufi, ko dakalin kankare zai ƙara ɗauka, shi ne injiniyan gini, bayan ya ga wurin ko zanensa. Kira shi, nuna masa inda kake son ratayewa da nauyin da ka lissafa, ka karɓi amsarsa a rubuce. Rufin ƙarfe mai faɗi da ake gani kamar zai ɗauki mota, sau da yawa an lissafa shi ne daidai nauyin kwanon rufi da iska, ba a bar wani rara mai yawa ba.

Wasu abubuwa ba sa buƙatar tambaya. Ba a ratayewa a jikin silin ko siraran ƙarafan da ke riƙe da shi, ko bututun ruwa, ko bututun wayar lantarki, ko bututun kashe gobara, ko ƙugiyar da aka sa don fanka. Dole ka ratsa silin ɗin ka kai ga ainihin ƙashin ginin.

In bim ɗin ƙarfe ne, yi amfani da maƙalin bim na masana'anta, mai muƙamuƙi biyu da ke kama leɓen ƙarfen ta kowane gefe, mai lambar WLL a jikinsa kuma daidai da faɗin bim ɗin. Kada a huda leɓen bim ko a yi masa walda sai da izinin injiniya. Waldar da aka yi a sama, mutum na kan tsani yana kallon rufi, ba wanda zai iya rantsuwa a kan ƙarfinta. In gadon ƙarfe ne mai sanduna a gicciye, rataya a mahaɗar sandunan, kada ka rataya a tsakiyar sanda ɗaya. In kuma gadon alminiyom ne irin na dandamalin wasa, nemi jadawalin nauyinsa: abin da zai ɗauka a tsakiya wuri ɗaya kusan rabin abin da zai ɗauka ne in an baza nauyin a tsawonsa, kuma yana raguwa yayin da tazarar ƙafafunsa ke ƙaruwa.

In katako ne, a huda shi ta gefe a tsakiyar kaurinsa, noti ya ratsa ya fita, a sa faranti na ƙarfe ko babban washa a kowane gefe. Sukurun da aka murɗa daga ƙasa zuwa sama, nauyi na jan sa ta hanyar da ya shiga, haƙoransa kaɗai ke riƙe da shi a cikin katakon da ke bushewa yana tsagewa. Duba gara da ruɓewa kafin komai.

Kankare ya fi buƙatar natsuwa. Ƙasan dakalin kankare shi ne ɓangaren da ke miƙewa idan nauyi ya hau, don haka yana da ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Sayi notin kankare na ƙarfe wanda takardarsa ta ce an gwada shi a kankare mai tsagu, kuma an yarda a sa shi a sama. Robar da ake cusawa a bango don rataye hoto ba ta cikin wannan magana. Kafin hudawa a duba da na'urar gano rodi, domin wasu gine-gine suna da igiyoyin ƙarfe da aka ja aka ɗaure a cikin kankaren, yanke ɗaya babbar masifa ce. Huda da bakin da takardar ta faɗa, zuwa zurfin da ta faɗa, ka bar tazarar da ta faɗa daga gefen kankaren da tsakanin noti da noti. Fitar da ƙurar ramin da buroshi da iska. Ɗaure da sifana mai auna ƙarfin murɗi. Kowane wurin ratayewa ya zama faranti mai noti biyu ko fiye, kada rai ya dogara ga noti ɗaya. Sabon kankare kuma a bar shi ya cika kwana 28. Inda za a iya kaiwa saman dakalin, abin da ya fi duka shi ne noti ya ratsa gaba ɗaya ya zauna a kan faranti ta sama. Bulo mai rami a ciki ma haka: a ratsa bangon, faranti ta baya.

Notin da ake kafawa da gam ɗin sinadari yana da ƙarfi, amma ina jin tsoronsa a sama, inda nauyi ke jan sa dare da rana. A ranar 10 ga Yuli 2006, kankaren silin mai nauyin kimanin tan 26 ya faɗo a wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a birnin Boston, ya kashe mace ɗaya a cikin mota. Binciken hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta Amurka ya gano cewa gam ɗin da aka kafa notocin da shi yana saki a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa, har notocin suka zare. Aikin manyan injiniyoyi ne wannan. In za a yi amfani da gam, ya zama wanda aka amince da shi don ja na dindindin a sama, kuma wanda ya samu horo a kansa ne zai sa.

Kayan haɗi, ɗaya bayan ɗaya

Noti mai zobe shi ne ke shiga jikin lasifikar. Wanda ake so shi ne wanda aka ƙera zobensa a dunƙule, ba mahaɗa, kuma yana da kafaɗa a wuyansa da za ta zauna daram a jikin akwatin. Wanda aka lanƙwasa sandar ƙarfe aka yi masa zobe, kana ganin bakin inda ya haɗu, yana buɗewa idan nauyi ya yi yawa. Notin M10 na ƙa'idar Jamus ta DIN 580 yana ɗaukar kilo 230 idan ana jan sa a miƙe. Da zarar jan ya karkace, ƙarfin ya ragu, kuma yawan raguwar ya danganta da masana'anta: jadawalin kamfanin Crosby, mai ƙera kayan ɗaga kaya, ya bar wa nasa notocin kashi 30 cikin 100 kacal a karkatar digiri 45, kashi 25 a digiri 90. Jan kuma ya bi shafin zoben, kada ya zo masa ta gefe yana neman lanƙwasa shi. In ka ɗaure ya ƙare yana kallon wata fuska, ƙara siririn washa na ƙarfe har ya daidaita. Kada ka sassauta shi don ya juya. Duba tsawon jikinsa ma: dole ya ratsa katakon ya kama haƙoran ƙarfen ciki sosai. Notocin da ba ka yi amfani da raminsu ba, bar su a wurinsu a ɗaure, domin suna cikin abin da ke riƙe akwatin, kuma cire su na sa iska ta riƙa fita tana shewa.

Shakul shi ne ƙarfe mai siffar kofaton doki da fil mai murɗawa. Na kirki yana da sunan masana'anta, girmansa da WLL a jikinsa. Irin na inci 3/8 yakan ɗauki tan 1, na rabin inci tan 2. Nauyi ya bi ta tsakiyar bakansa zuwa tsakiyar fil. In aka ja shi ta gefe a digiri 90, rabin ƙarfinsa ya tafi. In igiyoyi biyu za su haɗu a shakul ɗaya, su zauna a cikin bakan, fil ɗin ya kama abu ɗaya. In fil ya ɓata, shakul ɗin ya tashi aiki, kada a zura masa noti. Bayan an ɗaure, zura siririyar waya ta ramin kan fil ɗin ka naɗe ta a jikin shakul, don girgiza kada ta kwance shi. A aikin dindindin, mai noti da ƙaramin fil na kulle ya fi. Ƙugiya mai buɗaɗɗen baki da ƙananan maƙalan maɓalli ba su da wuri a nan.

Igiyar ƙarfe da aka fi amfani da ita ita ce mai saƙar 7x19, wato tufka 7 kowace da siraran wayoyi 19, saboda laushinta. Mai kaurin inci 1/8, wato milimita 3 da ɗoriya, tana tsinkewa a wajen kilo 900. Mai inci 3/16 a wajen kilo 1,900. Mai inci 1/4 sama da kilo 3,000. Amma igiya a bakinta take mutuwa, inda aka lanƙwasa ta aka yi zobe. Kowane zobe a sa masa ƙarfen nan mai siffar ɗigon ruwa a ciki, don kada igiyar ta karye a lanƙwasar. Ɗaurin da ya fi shi ne hannun tagulla da ake matsewa da almakashinsa na musamman, a auna matsin da ma'aunin da ke zuwa da shi. In aka yi daidai, kusan duk ƙarfin igiyar yana nan. Guduma ko filaya ba sa yin wannan aiki. In da maƙalai masu noti za ka ɗaure, kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ya rage maka, kuma sai an sa su daidai: sirdin maƙalin ya zauna a kan dogon ɓangaren da ke ɗauke da nauyi, lanƙwasasshen notin ya danne guntun bakin da aka mayar. Duka su kalli fuska ɗaya. Masana'anta kan ce biyu sun isa ga siraran igiyoyi, ni dai uku nake so. Bayan nauyi ya hau a sake ɗaure su, domin igiya na ƙara sirancewa idan ta miƙe. Igiya mai rigar roba, a fere robar a inda za a ɗaure. Ba a ƙulla igiyar ƙarfe.

Mu koma misalinmu. Igiyar inci 1/8, kilo 900, da maƙalai ta koma 720, a raba da 10, saura kilo 72. Ta isa kaya mai kilo 40 in tana tsaye a miƙe.

Sarƙa kuwa, ta ɗaga kaya ce kaɗai ake yarda da ita, mai daraja 80 ko 100, za ka ga 8 ko 10 a buge a wasu zobbanta. Sarƙar ƙofa da ta ado, a bar su a ƙasa. Majanyin ɗaga kaya na zaren roba yana da ƙarfi, sai dai zafin da ya wuce kimanin digiri 90 na lalata shi, gobara kuma na narkar da shi tun mutane ba su gama fita ba. In an yi amfani da shi a aikin kwana ɗaya, a goya masa igiyar ƙarfe, kuma a nisanta shi da fitilu masu zafi.

Wurin da kayan za su zauna ma yana da ta cewa. A 1985, silin ɗin wani wurin ninkaya na cikin gini a garin Uster na ƙasar Suwizalan ya rufto ya kashe mutum 12, saboda tururin sinadarin kulorin ya tsattsaga sandunan ƙarfe marar tsatsa da ke riƙe da shi. A wurin ninkaya, bakin teku ko masana'anta mai hayaƙin sinadari, a tambayi injiniya irin ƙarfen da ya dace.

Kusurwar igiyoyi

Wannan ne lissafin da hankali ke ƙin yarda da shi da farko. Igiyoyi biyu a tsaye, kowace na ɗauke da rabin nauyi. Da an buɗe su sun yi siffar V, jan da ke kan kowace ya fara hawa. In kusurwar da ke tsakaninsu digiri 60 ce, kowace na ɗauke da kashi 58 cikin 100 na nauyin. A digiri 90, kashi 71. A digiri 120, kowace igiya na ɗauke da nauyin gaba ɗaya. A digiri 150, kusan ninki biyu. Wanda ya ja igiya kusan a kwance tsakanin bango biyu ya rataye lasifika a tsakiya, yana ɗora wa bangon da notocin ja mai ninkin nauyin lasifikar sau da yawa, kuma ta gefe. Tsaya ƙasa da digiri 90. In wurin ya matse, tsawaita igiyoyin ko ka gitta ƙarfe a sama ka sauko da su a miƙe.

Lasifika ɗaya yawanci wuri uku ake kama ta: biyu a sama ta gaba, ɗaya a baya don karkatar da fuskarta ƙasa. Yi lissafi kamar biyu ne kaɗai ke ɗauke da ita, domin da wuya igiyoyi uku ko huɗu su raba nauyi daidai. Kuma idan karkatar ta yi yawa, nauyin na komawa kan igiyar baya, don haka ita ma a ba ta cikakken ƙarfi. Kada a rataye wata lasifika a ƙarƙashin wata sai takardar masana'anta ta yarda, ta kuma faɗi guda nawa.

Jerin lasifikoki masu saukowa a lanƙwashe, irin na manyan taruka, da firam ɗinsu da fil ɗinsu na asali kaɗai ake haɗa su. Masana'antun suna da manhajar lissafi, kamar Soundvision ta L-Acoustics da ArrayCalc ta d&b, wadda ke nuna ramin da za a kama a firam da kuma inda nauyi ya wuce iyaka. In manhajar ta yi gargaɗi, a rage akwati ko a canza kusurwa.

Ranar ɗagawa

Haɗa komai a ƙasa, inda kake gani da kyau. Wani mutum na biyu ya bi bayanka ya taɓa kowane noti da kowane fil. Kewaye ƙasan wurin da igiya ko shinge, ba mai shiga sai masu aiki, su ma da hular kwano. Mai hawa ya hau dandamalin aiki ko motar ɗaga mutum, da ɗamarar tsaro a maƙale a wurin da zai riƙe shi, kayan aikinsa a ɗaure da igiya. Ba a hawa tsani da lasifika a kafaɗa. A tanadi yadda za a sauko da shi da sauri in ya faɗi ya rataye a ɗamararsa, domin daɗewa a haka na iya kashe mutum.

Ɗaga da injin sarƙa ko kura mai lambar nauyi, a wani wurin kamawa da aka tabbatar. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, amma kowa na da ikon cewa a tsaya. Ɗaga kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ku dakata. Duba yadda ta karkata, duba ko wani shakul ya juya, saurari ko wani abu na ƙara. In akwai gyara, a sauke a gyara. Sannan a ci gaba a hankali, ba fizga, da igiya a hannun wani daga nesa yana hana ta juyawa. Ta isa, a mayar da nauyin kan igiyoyinta na dindindin sannu a hankali kafin a saki injin. Injin ɗagawa na yau da kullum ba a barin kaya a jikinsa a saman mutane; masu birki biyu da aka ƙera don haka ne kaɗai ake bari.

Igiyar tsaro

Bayan duk wannan, sai a ƙara igiyar ƙarfe ta biyu wadda ba ta ɗauke da komai, tana jiran ranar da wani abu zai saki. Sharaɗinta shi ne ta kama wani wuri dabam a jikin lasifikar, da wani wuri dabam a jikin ginin. In ta koma kan farantin da babbar igiyar take, ranar da farantin ya zare tare za su sauko.

Kuma ta zama gajera. Kaya mai kilo 40 da ya faɗi rabin mita, igiya ta tsayar da shi cikin santimita 2, ja na sama da tan 1 yake yi mata. In santimita 10 ya faɗi, jan bai wuce kilo 240 a matsakaici ba. Ƙa'idar Jamus ta iyakance faɗuwar a santimita 20, kuma duk abin da ya gaza haka ya fi. A kafa ta sama da lasifikar kai tsaye, don kada ta yi lilo ta bugi bango ko mutum. Igiyar tsaron da ta taɓa cafe kaya sau ɗaya, a cire ta a yanka, tare da shakul ɗinta.

Wayar sauti a ɗaure ta a jikin gini kusa da lasifikar, a bar mata ɗan sassauci, yadda in wani ya ja ta daga ƙasa ba zai ja lasifikar ba, kuma nauyinta ba zai rataya a kan soket ba.

In a waje ake taron, ba cikin gini ba, iska ce babbar abokiyar gaba. A ranar 13 ga Agusta 2011, guguwa ta kayar da rufin dandamalin wasa a bikin baje kolin jihar Indiyana ta Amurka, mutum 7 suka mutu. Bincike ya nuna ginin dandamalin bai da isasshen abin da zai tare turin iska ta gefe, kuma tsarin yanke shawarar kwashe mutane bai fito fili ba. Kafin taro a rubuta gudun iskar da in an kai shi za a sauke lasifikoki, a sa na'urar auna iska a saman dandamalin, a kuma faɗi sunan mutum ɗaya da ke da ikon tsayar da taron.

Bayan an gama

Kunna sauti da ƙarfi na ɗan lokaci, wurin ba kowa, sannan a hau a sake duba kowane ɗauri. Ɗiga fenti a kan kowane noti ya haɗa da abin da ya zauna a kai. In ya motsa daga baya, layin fentin zai rabu, za a gani daga kallo ɗaya. Rubuta nauyin kowace lasifika, irin kayan da aka sa, amsar injiniya da ranar aikin, ka haɗa da hotuna, ka ba mai ginin kwafi.

Dokar ɗaga kaya ta Birtaniya ta 1998 ta ce a yi wa kayan haɗi irin su shakul da igiya cikakken bincike duk wata 6, injin ɗagawa kuma duk wata 12. Ma'auni ne mai kyau ga kayan da ake yawo da su daga taro zuwa taro, ban da dubawar da ake yi kafin kowane amfani. Abin da aka kafa dindindin a hau a duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma bayan yoyon rufi, gobara, girgizar ƙasa ko wani aikin gini a kusa. Abin da ake nema: tsatsa, silin waya da ya tsinke a jikin igiya, igiyar da ta karye ko ta buɗe saƙarta, shakul da ya buɗe baki ko ya cinye kashi 10 cikin 100 na kaurinsa, tsaga ko garin kankare a gefen noti, katakon akwati da ya kumbura ko ya tsage kusa da zobe. In an ga ɗaya daga ciki, a rufe ƙasan wurin nan take, a sauke lasifikar, a canza abin da sabo. Wanda aka cire a yanka shi kafin a jefar, don kada wani ya tsince shi ya mayar sama.